Kautokeino: Ƙaramar Hukumar Makiyaya a Ƙasar Norwe

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. To, mu 'yan makarantar kwana da ba mu fita ƙofa sai da takardar izini, taswira ita ce motarmu, littafi kuma shi ne guzurinmu. Saboda haka ina so in ɗauki 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, mu tafi can ƙuryar arewacin Turai, mu ga wata ƙaramar hukuma ta ƙauye da ake kira Kautokeino. Dalili biyu suka sa na zaɓe ta. Na farko, mutanenta makiyaya ne, kuma wahalolin da suka sha, irin su toshe hanyar dabbobi da ƙwace wurin kiwo, ba baƙi ba ne a kunnenmu. Na biyu, a cikin labarinta ne na ga yadda 'yar majalisar ƙauye mai mutum 19 ta dubi babban kamfanin haƙar zinariya ta ce masa a'a, maganar kuma ta zauna. Yadda aka yi har suka sami wannan iko shi ne abin da ya kamata mu sani.

Inda Take da Yadda Ƙasar Take

Ƙasar Norwe doguwa ce siririya, ta miƙe a gefen teku daga kudu zuwa arewa. Babban birninta Oslo yana can kudu. Tun daga shekarar 2024 an raba ƙasar zuwa larduna 15 da ƙananan hukumomi 357. Lardin da ya fi kowanne nisa a arewa shi ne Finnmark, kuma a cikinsa Kautokeino take. Daga kudu ta yi iyaka da ƙasar Finlan, daga arewa da Alta, daga gabas da Karasjok, daga yamma kuwa da Nordreisa da Kvænangen na lardin Troms.

Duk ƙasar Norwe babu ƙaramar hukumar da ta kai ta faɗi. Girmanta murabba'in kilomita 9,707 ne, wato kusan rabin Jihar Kano, wadda ke da ƙananan hukumomi 44. Amma fa mutanen da ke zaune a duk wannan fili ba su cika 3,000 ba. In aka raba musu ƙasar daidai wa daida, kowane mutum, har da jariri, zai sami fiye da murabba'in kilomita 3. Yawancinsu suna zaune ne a garin Kautokeino, inda ofishin hukuma yake. Ƙauyen da ke bi masa shi ne Máze, sai 'yan ƙananan unguwanni irin su Láhpoluoppal da Ávži.

Sunan garin da harshen mutanen wurin shi ne Guovdageaidnu, ma'anarsa tsakiyar hanya, domin nan ne mahaɗar hanyoyin makiyaya da fatake na da. Ƙasar tudu ce shimfiɗaɗɗiya, tsayinta daga teku tsakanin mita 300 ne zuwa 500 a yawancin wurare. Babu manyan itatuwa sai wasu gajeru masu farin ɓawo, da ciyayi, da fadamu, da tafkuna dubbai. Wani babban kogi ya ratsa ta tsakiyar gari ya nufi arewa, ya bi ta wani kwazazzabo mai zurfi, ya faɗa teku a Alta. Babbar hanyar mota ma haka ta bi, kuma daga garin Kautokeino zuwa Alta tafiyar kilomita 130 ce.

Sanyi, da Dare, da Rana

Mu a nan in hunturu ya kama, safiya ta yi sanyi, sai ka ga ɗalibai suna gudun wanka. To, a Kautokeino a watan Janairu ma'aunin zafi yakan zauna wajen digiri 14 ko 15 ƙasa da sifiri, kuma sifiri shi ne inda ruwa ke daskarewa. A Janairun 1999 sanyi ya kai digiri 50.3 ƙasa da sifiri. Dalilin tsananin sanyin shi ne nisan wurin daga teku, domin garuruwan bakin teku suna samun ɗumi daga wani ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga kudu, ita kuwa tana can cikin tudu. Dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa fiye da rabin shekara. Abin mamaki kuma, in aka haɗa ruwan sama da ƙanƙarar da ke zuba a shekara, ba su kai ruwan da Kano take samu a damina ɗaya ba. Sanyi ne ke hana ruwan ƙafewa, shi ya sa ko'ina tafki da fadama.

Kamar yadda muka koya a darasin labarin ƙasa, duniya a karkace take kewaya rana. Kautokeino tana kan layi na 69 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen watan Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa sam, sai dai ta yi ƙasa ƙasa ta sake ɗagawa. Daga farkon Disamba kuma, har wajen mako 6, ba ta fitowa, sai ɗan haske da tsakar rana kamar na ketowar alfijir. A cikin wannan dogon dare ake ganin wani haske kore ko ja yana rausaya a sararin sama, wanda ake kira hasken arewa. Wani masani mai suna Sophus Tromholt ya zauna a garin daga 1882 zuwa 1883 don nazarin wannan haske, ya kuma ɗauki hotunan mutanen gari, waɗanda har yanzu ake ajiye da su.

Mutanen da Sana'arsu

Kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Kautokeino suna magana da harshen Sami. Su Sami wata al'umma ce da take zaune a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha tun kafin a shata iyakokin waɗannan ƙasashe. Harshensu bai yi kama da na Norwe ba ko kaɗan, ya fi kusa da na Finlan.

Ba a noman hatsi a wannan ƙasa, domin daminar ba ta isa. Dukiyarsu ita ce wata dabba mai kama da barewa amma ta fi ta girma da kauri, wadda suke kira boazu. Ni zan kira ta barewar ƙanƙara. Namiji da mace duk suna da ƙaho mai rassa, kuma kowace shekara ƙahon yakan faɗi wani ya tsiro. Ana cin namanta, a yi tufafi da takalma da fatarta, a sassaƙa ƙotar wuƙa da ƙahonta, a da kuma ita ke jan amalanken da ke sulɓi a kan ƙanƙara. Tun wajen shekarun 1960 babur ɗin ƙanƙara ya karɓi wannan aiki.

Kiwon nata na tashi ne, kamar yadda Fulani ke tafiya mashekari. Da hunturu garke yana kan tudun Kautokeino, yana tonon ƙanƙara da kofato yana cin wani irin farin gansakuka da ke manne a ƙasa. Wajen watan Afrilu sai a kora shi arewa zuwa bakin teku da tsibirai, tafiyar da kan kai ɗaruruwan kilomita ga wasu. A watan Mayu ake haihuwa. Can a bakin teku akwai ɗanyar ciyawa da iska mai korar sauro, domin da bazara sauron tudu ba ya barin mutum ko dabba su sakata. Da kaka sai a juyo gida. Iyalai kan haɗu su yi kiwo tare, ƙungiyar da suke kira siida, amma kowace dabba tana da mai ita, ana gane ta da tsagar da aka yi mata a kunne. Wani abu da ya ba ni dariya shi ne, a wurinsu rashin ladabi ne ka tambayi mutum barewa nawa gare shi. Duk wanda ya taɓa tambayar Bafulatani yawan shanunsa ya san irin kallon da zai sha.

Ban da kiwo suna kamun kifi a tafkuna, suna ɗana wa wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa tarko, suna tsinkar 'ya'yan itatuwan fadama a watan Agusta. Suna da wata irin waƙa da ake kira yoik, wadda ake yi wa mutum ko dabba ko wuri, ta zama tasa shi kaɗai, kamar yadda take yake a wurinmu. Babban taronsu lokacin bikin Ista ne, kafin garke ya tashi. A lokacin ake ɗaurin aure, a yi tseren barewa, a yi gasar waƙa, kowa ya sha ado da riga mai shuɗi da ja. Tambarin hukumar ma, wanda aka amince da shi a 1987, hoton tantin makiyaya ne mai ruwan zinariya a kan shuɗin fili.

Tarihi

A zamanin da wannan tudu ba shi da iyaka tsayayya. Sarkin Suwidin yana aiko masu karɓar haraji, sarkin Danmak wanda ke mulkin Norwe shi ma yana aikowa, har makiyayi ɗaya ya biya sarki biyu. An gina cocin farko a garin a 1701 a ƙarƙashin Suwidin. A 1751 ne aka shata iyaka, Kautokeino ta faɗo cikin Norwe. A cikin yarjejeniyar an sa wani sharaɗi mai kyau, cewa makiyayan Sami suna da ikon ƙetare iyaka da dabbobinsu kamar yadda suka saba.

A 1837 Norwe ta yi dokar da ta ba kowace gunduma ikon zaɓen majalisarta. Kautokeino ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 1851, da aka cire ta daga Kistrand. Amma ba ta daɗe ba masifa ta auko. Tun 1809 Finlan ta koma hannun Rasha, kuma a watan Satumba na 1852, bayan wata jayayya tsakanin gwamnatocin, aka rufe iyakar Finlan ga makiyaya. Mutanen da kakanninsu ke kai garke can da hunturu suka wayi gari ba hanya.

A wannan lokaci kuma giya ta yi wa jama'a katutu. 'Yan kasuwa suna ba da ita bashi, in mutum ya kasa biya a kama barewarsa. Wa'azin wani malamin coci mai suna Lars Levi Laestadius, wanda ya yi tsananin hani ga giya, ya bazu cikin makiyaya. Wasu mabiyansa suka riƙa katse wa limamin coci magana, aka kai su kotu, aka ɗaure wasu, aka ci tarar wasu. Ran 8 ga Nuwamba 1852 wata ƙungiya ta makiyaya ta shiga gari, suka kashe ɗan kasuwa Carl Johan Ruth da Lars Johan Bucht, wanda yake kamar wakilin doka na gari, suka ƙone gidan ɗan kasuwan, suka yi wa limamin coci bulala. 'Yan'uwansu Sami na Ávži ne suka zo suka kwantar da tarzomar. Ran 14 ga Oktoba 1854 aka fille wa shugabanni biyu kai a Alta, wato Aslak Hætta da Mons Somby. Aka aika da kawunansu jami'ar babban birni wai don bincike, kuma ba a mayar wa danginsu aka binne ba sai a 1997, bayan shekara 143.

Daga tsakiyar wannan ƙarni har wajen 1960 gwamnati ta bi manufar mayar da kowa ɗan Norwe da harshe da al'ada. Wata doka ta 1902 ta hana sayar da filin gwamnati a Finnmark sai ga mai jin harshen Norwe yana kuma amfani da shi kullum. Aka gina makarantun kwana, aka tara 'ya'yan makiyaya a ciki, ana koya musu karatu da harshen da ba su ji, ana kunyata su in sun yi nasu. Wannan wuri ya taɓa ni ƙwarai, domin ni ma ɗan makarantar kwana ne, na san yadda kewar gida take. Amma ni ga shi ina rubutu da harshen uwata a cikin mujallar makaranta, su kuwa an sa su jin cewa harshen iyayensu abin ɓoyewa ne.

A ƙarshen 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus da ke janyewa daga Finnmark suka ƙone kusan duk abin da suka bari a baya don kada sojojin Rasha su amfana. Garin Kautokeino ya ƙone, har da tsohon cocin nan na 1701. Wanda ake gani yanzu a 1958 aka gina shi.

Rikicin Madatsar Ruwa

Wajen ƙarshen shekarun 1960 hukumar lantarki ta ƙasa ta fito da shirin datse kogin nan, wanda in da an bi shi yadda aka fara tsarawa, da ruwa ya shanye ƙauyen Máze ƙurmus. Mutanen ƙauyen suka yi zanga-zanga a 1970, kuma a 1973 majalisar ƙasa ta ce ba za a taɓa ƙauyen ba. Aka rage shirin, amma ba a bar shi ba. Majalisun ƙananan hukumomin Kautokeino da Alta duk suka ƙi amincewa, duk da haka a 1978 majalisar ƙasa ta ba da izini, domin a dokar ƙasar ita ke da ta cewa a kan manyan ayyukan lantarki.

A Oktoban 1979 wasu matasan Sami suka kafa tantinsu a gaban majalisar ƙasa a Oslo suka ƙi cin abinci. Wasu mutane kuma suka zauna a kan hanyar da za a bi da motocin aiki a wani wuri da ake kira Stilla. A Janairun 1981 gwamnati ta aiko 'yan sanda wajen 600 suka kwashe su. A 1982 kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya, aka gama madatsar a 1987.

Ga alama dai an ka da su. Amma hoton 'yan sanda suna jan makiyaya a kan ƙanƙara ya sa mutanen Norwe da yawa suka fara tambayar kansu yadda ƙasarsu ke riƙe da Sami. A 1987 aka yi dokar Sami, a 1988 aka sa haƙƙinsu na harshe da al'ada cikin tsarin mulki, a 1989 kuma Sarki Olav na Biyar ya buɗe Majalisar Sami a Karasjok. Shugabanta na farko, Ole Henrik Magga, mutumin Kautokeino ne. A wannan shekara aka buɗe babbar kwalejin Sami a garin Kautokeino, inda ake koyarwa da harshensu. A 1997 Sarki Harald ya nemi gafarar Sami, majalisar ƙasa ma ta yi haka a Nuwamban 2024.

Yadda Ake Tafiyar da Hukumar

Bayan kowace shekara 4, a watan Satumba, mutanen Kautokeino sukan zaɓi kansiloli 19. An yi irin wannan zaɓe a 2019 da 2023. Duk wanda ya cika shekara 18 yana da ƙuri'a, har baƙon da ba ɗan ƙasa ba, muddin ya shekara 3 yana zaune a Norwe. Ba a raba hukumar mazaɓa mazaɓa kamar yadda muke yi. Kowace jam'iyya ko ƙungiyar gari takan kawo jerin sunayen 'yan takararta, sai a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Saboda haka da wuya jam'iyya ɗaya ta cinye duka, dole a zauna a daidaita.

Kansilolin nan su ke zaɓen ciyaman daga cikinsu, su kuma zaɓi wani ƙaramin kwamiti mai duba sha'anin kuɗi kafin a kawo gaban majalisa. Ciyaman yana shugabantar zama, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa, sai fa in an yi kunnen doki. Aikin yau da kullum yana hannun babban ma'aikaci wanda majalisa ke ɗauka, kamar sakataren ƙaramar hukuma a wurinmu. Yawancin kansiloli suna da sana'arsu, wani malamin makaranta, wani makiyayi, wata ma'aikaciyar jinya. Zaman majalisa a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara, kuma kowa na iya neman a nuna masa takardun hukuma.

Ayyukan da ke wuyan hukumar suna da yawa. Ita ke riƙe da makarantun renon yara, da makaranta daga aji 1 zuwa aji 10, da likitan gari, da kula da tsofaffi da naƙasassu, da ruwan sha, da kwashe shara, da 'yan kwana-kwana, da ƙananan hanyoyi har da share musu ƙanƙara. Ita kuma ke tsara yadda za a yi amfani da ƙasa, wato ina za a yi gida, ina za a yi masana'anta, ina za a bari don kiwo. Manyan asibitoci da 'yan sanda na gwamnatin ƙasa ne.

Kuɗin kuwa ta hanya biyu suka fi shigowa. Akwai kaso daga harajin da mazauna ke biya a kan abin da suke samu, akwai kuma kuɗin da gwamnatin ƙasa ke aikowa kai tsaye. Ana lissafa wannan kaso ta yadda hukuma mai ƙaramin ƙarfi, ko mai nisa, za ta sami ƙari, don yaron Máze ya sami makaranta irin ta yaron Oslo. In hukuma ta kashe fiye da abin da take da shi ta kasa cike giɓin, sai a sa sunanta cikin wani rajista, daga nan ba ta cin bashi sai da izinin wakilin gwamnati na lardi.

Tun 1992 harshen Sami da na Norwe matsayinsu ɗaya a ofisoshin Kautokeino. Tsohuwa tana iya rubuta wa hukuma takarda da harshenta, doka kuma ta ce a amsa mata da shi. Yara suna karatu da shi tun daga aji ɗaya. Ban da wannan, dokar 2005 ta fitar da yawancin filayen Finnmark daga hannun gwamnatin ƙasa ta danƙa wa wata hukuma mai wakilai 6, uku daga Majalisar Sami, uku daga majalisar lardi.

Zinariya ko Makiyaya

A arewa maso yammacin gari akwai wani wuri da ake kira Biedjovággi, inda aka haƙi tagulla daga 1970 zuwa 1975, aka sake haƙar tagulla da zinariya daga 1985 zuwa 1991. Bayan shekaru wani kamfanin Suwidin mai suna Arctic Gold ya nemi sake buɗe wurin. Gari ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu so suka ce samari ba su da aiki, kiwo ba zai ɗauke kowa ba, hukuma kuma tana bukatar kuɗi. Masu ƙi suka ce wurin makiyaya ne, ƙarar injuna da manyan motoci za su kori garke, kuma zinariya takan ƙare, kamar yadda ta ƙare wa kamfanonin baya, kiwo kuwa ya ɗauki mutane ɗaruruwan shekaru.

A wannan karo doka tana tare da majalisar gari, domin ba a buɗe mahaƙa sai ƙaramar hukuma ta yarda a tsara filin don haka. A 2012 majalisa ta ƙi. Kamfanin ya sake dawowa, a Disamban 2013 aka sake jefa ƙuri'a, 10 suka ce a'a, 9 suka ce i. Ƙuri'a ɗaya tak ta raba gardama, ba a buɗe mahaƙar ba. Ba zan ce kansiloli 9 ɗin nan ba su son garinsu ba, don rashin aiki ciwo ne na gaske. Ni dai ina ganin masu rinjaye sun yi daidai, saboda ƙasar kiwo in ta lalace a wannan sanyi, gansakukan yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo.

Kada kuma a ɗauka sun huta. Gwamnati ta sha cewa dabbobi sun yi wa makiyayar yawa, ta tilasta a rage, su kuwa ƙananan makiyaya suna kukan cewa ragin ya fi cutar da su. Ɗumamar duniya ta sa wani lokaci ruwa kan zubo a kan dusar ƙanƙara ya daskare ya zama kamar dutse, dabba ta kasa tono, sai an kai mata abinci da babur, kamar yadda ya faru a hunturun 2020. Matasa da yawa kuma sukan tafi birni karatu ba su dawo ba.

Abin da Ya Rage Gare Mu

In aka jera labarin madatsar ruwa da na zinariya, za a ga majalisar gari ɗaya ce, kuma sau biyu ta ce a'a. A na farko an take maganarta domin doka ba ta ba ta iko ba. A na biyu an bi maganarta domin ikon yana rubuce, mutanen gari kuma sun san da shi, sun zaɓi wakilansu suna kallon abin da za su yi. Tsakanin labaran nan biyu akwai shekaru fiye da 30 na kai ƙara da rubuce-rubuce da zama a kan ƙanƙara. Da ma an ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Mu ma a Nijeriya muna da ƙananan hukumomi 774. An yi musu babban gyara a 1976, a watan Yuli na 2024 kuma kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Arzikin Norwe da yawan mutanenta ba irin namu ba ne, saboda haka ba kome nasu ne zai yi mana daidai ba. Amma sanin sunan kansila ba ya bukatar arzikin mai. Yawancinmu 'yan aji huɗu da biyar saura shekara biyu ko uku mu isa jefa ƙuri'a.

Don haka ga ɗan aikin hutu da nake roƙon 'yan'uwana mu yi. In mun koma gida, kowa ya tambayi mahaifinsa ko mahaifiyarsa wane ne kansilan mazaɓarsu, yaushe majalisar ƙaramar hukumarsu take zama, wa ke da alhakin gyaran makarantar firamare da rijiyar unguwa, kuma ina burtalin garinsu ya bi, yana nan ko an nome shi. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su yi haƙuri da tambayoyinmu su amsa mana. In mun dawo makaranta sai mu haɗa amsoshin, mu kawo su ƙungiyar muhawara, mu ga ƙaramar hukumar wa ta fi kula da mutanenta.